Waiwaye: Masu ɗaukar bindiga da sunan kare nasu, daga Belfast zuwa Tafawa Ɓalewa

Duk lokacin da ƙura ta tashi a ƙasar Bauchi, ba a rasa mai cewa a majalisa: tunda hukuma ta gaza, gara mu kare kanmu. Wanda aka ƙona wa gida ba zai ga aibun wannan magana ba. Sai dai akwai inda aka bi wannan hanya har ƙarshenta, wato Ayilan ta Arewa.

A 1921 aka raba tsibirin Ayilan gida biyu, gundumomi shida na arewa suka zauna ƙarƙashin Birtaniya. Masu rinjaye a can a lokacin Furotesta ne, suna son zama da Birtaniya. Katolika kuwa, yawancinsu haɗewa da kudu suke so. Dukkansu Kiristoci ne, kuma ba a kan aƙida suke faɗa ba. Ɗarika ta zama shaidar gane ɓangaren mutum ne kawai. Koken Katolika gaskiya ne: an danne su wajen ɗaukar aiki, da rabon gidajen gwamnati, da yankan mazaɓu. Da suka fito zanga-zangar lumana a ƙarshen shekarun 1960, kulki ya tarbe su. A watan Agustan 1969 Birtaniya ta turo sojoji.

Furotesta sun riga sun kafa ƙungiyar 'yan bindiga ta UVF tun 1966, wata irinta mai suna UDA ta biyo baya a 1971. A ɓangaren Katolika, sabon reshen IRA, ƙungiyar 'yan bindiga mai neman haɗewa da kudu, ya ɓalle a ƙarshen 1969. Kowacce ta ce garkuwar mutanenta ce. Hukuma ma ta ƙara wa wutar fetur: ranar 30 ga Janairun 1972 sojoji suka harbe masu zanga-zanga 13 a birnin Derry, matasa suka yi ta tururuwa zuwa IRA. Sai a 2010 Firaministan Birtaniya David Cameron ya nemi gafara.

Wanda yake son ya san ainihin aikin waɗannan ƙungiyoyi, ya dubi kwana biyu na Janairun 1976 a gundumar Armagh. Ranar 4 ga wata 'yan bindigar Furotesta suka shiga gidaje biyu suka harbe Katolika shida. Washegari da yamma aka tare wata ƙaramar bas a Kingsmill, ɗauke da ma'aikatan masaƙa 12 da suka taso daga aiki. Aka jera su a bakin hanya, aka tambayi wane ne ɗan Katolika. Mutum ɗaya ne. Abokan aikinsa sun zaci shi aka zo kashewa, har suka yi ƙoƙarin rufa masa asiri. Ashe su ake nema. Aka ce masa ya tafi kada ya waiwaya, aka buɗe wa sauran wuta. Goma suka mutu, ɗaya ya rayu da raunuka. Babu ko ɗaya cikinsu da ya san hawa ko sauka a kisan jiya.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Bauchi zuwa Jos a lokacin rikici, gabansa na faɗuwa, ya san wannan tambaya ta bakin hanya. A nan ne hujjar kare kai take rushewa. Wanda ya yi ɓarna ya tsere da makaminsa, sai a huce a kan direba da ɗan tireda da lebura, don su ne hannu ke iya kaiwa. Musulunci da Kiristanci duk sun hana a kama wani da laifin wani, kuma zaluncin da aka yi wa al'umma, komai girmansa, bai mayar da jinin fasinja halal ba.

Kafin a yi sulhu, rayuka kusan 3,500 sun salwanta, fiye da rabinsu fararen hula. Kusan kashi 60 cikin ɗari ƙungiyoyin ɓangaren IRA ne suka kashe su, kusan kashi 30 na Furotesta, saura jami'an tsaro. Garkuwar ma ta juya kan masu ita. A unguwanninsu ƙungiyoyin suka zama alƙalai, suna harbin matasa a gwiwa da sunan horo. A Disambar 1972 IRA ta ɗauke Jean McConville, bazawara mai 'ya'ya goma, bisa zargin tana kai wa sojoji rahoto. Sai a 2003 aka tsinci gawarta.

Namu bai kai wannan tsari ba, amma ƙwayar tana nan. Rikicin Tafawa Ɓalewa na Afrilun 1991 ya faro daga saɓani a kan nama, alhali ƙasansa tsohuwar taƙaddamar sarauta da mallakar gari ce, ya kuma bazu har cikin Bauchi. An kafa kwamitin Mai shari'a Babalakin, duk da haka wutar ta sake tashi a 1995 da 2001 da 2011, har aka mayar da hedikwatar ƙaramar hukumar Bununu. 'Yan Kalare na Gombe da Sara-Suka na Bauchi ba faɗan addini ya haife su ba, siyasa ce, amma sun nuna mana cewa yaron da aka ba adda don zaɓe ba ya ajiye ta bayan an ƙirga ƙuri'a. A Belfast ma, babban birnin Ayilan ta Arewa, ragowar ƙungiyoyin Furotesta sun koma safarar ƙwaya da karɓar kuɗin dole daga 'yan kasuwa.

Yarjejeniyar 10 ga Afrilun 1998 ta kawo ƙarshen yaƙin, da tsada mai ɗaci: an saki fursunoni fiye da 400, cikinsu har da masu kisa. IRA ta zubar da makamai a 2005, kuma a 2007 tsohon kwamandanta Martin McGuinness ya zama mataimakin Ian Paisley, jagoran Furotesta, a gwamnati ɗaya. Na yarda sulhun ya dace, ko don rayukan da ya ceta. Amma iyalan mamata ne suka biya kuɗinsa, kuma har yau katangu na raba wasu unguwannin Belfast. A 2023 gwamnatin Birtaniya ta yi dokar da za ta ba masu laifin wancan zamani kariya daga shari'a idan sun ba da bayani. Manyan jam'iyyun yankin, na Katolika da na Furotesta, duk suka ƙi ta. A kan kisan Kingsmill kuwa, har yanzu ba a hukunta kowa ba.