Matsayin lasisin Windows idan aka sauya wa kwamfuta madabod

A garuruwa irin su Ringim, Gumel da Kazaure, da ƙauyukan da ke kewaye da su, kwamfutar shagon buga takardu ko ta ofishin makaranta takan yi shekaru tana aiki, har ranar da wuta mai ƙarfi za ta ƙone madabod, wato babban allon da sauran sassan na'urar suke haɗuwa a kansa. Mai ita yakan shiga Kano ya sayo wani allon a Titin Beirut, mai gyara ya ɗaura, a mayar da tsohon faifan ajiya, kuma galibi Windows 10 ko 11 takan tashi ta daidaita kanta da sabon allon. Sai dai tashin Windows bai nuna cewa lasisinta ya biyo ta ba, shi ya sa wasu suke ganin rubutu a kusurwar fuskar kwamfuta yana neman a tabbatar da lasisi, wani lokaci tare da lambar matsala 0xC004F211, wadda ke nufin manhajar ta lura an sauya kayan na'urar.

Tushen ƙa'idar shi ne, wanda ya biya kuɗin Windows izinin amfani da ita a kan na'ura guda ya saya, kuma a wurin Microsoft, kamfanin da ya mallaki Windows, madabod shi ne na'urar. Ƙara wa kwamfuta ƙwaƙwalwa ko sauya faifai ba ya yawan taɓa lasisi, amma sauya allon yana taɓawa, kuma abin da zai biyo baya ya dogara da irin lasisin da mutum yake da shi.

Mafi yawan kwamfutocin da ke hannun mutanenmu suna ɗauke da lasisin da ake kira OEM, wanda kamfanin ƙera kwamfuta, kamar HP, Dell ko Lenovo, yake sakawa tun daga masana'anta. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, ana binne lambar wannan lasisi a cikin allon kansa, ba a kan takardar da ake mannawa a jikin na'ura ba. Lasisin na na'urar farko ne, ba a ɗauke shi zuwa wata. Akwai sassauci guda da ya kamata masu gyara su riƙe: idan allon lalacewa ya yi aka musanya shi da irinsa, ko da makamancinsa da kamfanin ya tanada, wannan gyara ne, lasisin yana nan. Idan kuwa an sayo allo na daban don neman ƙarin ƙarfi, Microsoft tana ɗaukar abin a matsayin sabuwar kwamfuta mai bukatar sabon lasisi. A ganina wajibi ne mai gyara ya faɗi wannan tun kafin a yi ciniki, domin mai shagon da ya tara kuɗin allo da ƙyar bai kamata ya tarar da wani kashe kuɗin bayan ya koma gida ba.

Lasisin da mutum ya saya daban, mai ɗauke da haruffa da lambobi 25, ya fi sauƙi: ana iya mayar da shi kan wata na'ura muddin an daina amfani da shi a kan tsohuwar. Akwai kuma na manyan hukumomi da kamfanoni, wanda ake tararwa a wasu kwamfutocin tokumbo. Wani nau'insa sai an sabunta shi daga na'urar hukumar cikin kowane kwana 180, kuma ba mallakin wanda ya sayi kwamfutar a kasuwa ba ne. Tsofaffin lambobin Windows 7 da 8 ma sun daina buɗe Windows 10 ko 11 a kan sabon allo tun watan Satumbar 2023. Manhajojin fasa lasisi kuwa, ban da haɗarin shigar da ƙwayar cuta cikin na'ura, sun saɓa wa Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda ta haɗa da manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa.

Ga wanda kwamfutarsa take aiki har yanzu, shiri kafin a kwance allo shi ne komai. Umarnin slmgr /dli, wanda ake rubutawa a wurin ba Windows umarni (Command Prompt), yana nuna irin lasisin da ke ciki. Sannan tun daga sabuntawar Windows 10 ta Agustan 2016, ana iya ɗaure lasisin da asusun Microsoft, ta yadda bayan sauyin mutum zai shiga Settings, ya je Activation, ya danna Troubleshoot, ya zaɓi cewa ya sauya kayan na'urar kwanan nan. Wannan mataki yana bukatar intanet, ko da na wayar hannu ne, kuma dole nau'in Windows ya zama ɗaya, domin lasisin Home ba ya buɗe Pro.

Abin da ya fi lasisi haɗari shi ne BitLocker, makullin da ke rufe bayanan faifai yana dogaro da ƙaramin sashen tsaro mai suna TPM da ke haɗe da allon. Idan aka sauya allo makullin yana kunne, kwamfutar za ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48, kuma in babu ita, sakamakon jarrabawar ɗalibai ko takardun filaye na abokan ciniki sun kulle ke nan, ko Microsoft ba za ta iya buɗe su ba. Don haka a rubuta lambar a takarda a adana, a dakatar da makullin, a kwafe muhimman takardu zuwa wani faifai kafin a kwance ko ƙusa ɗaya. Kuma tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, mai sayen allo yanzu ya tabbatar yana da TPM 2.0, domin Windows 11 ta shardanta shi.