Bidiyo Mai Amfani da Neman Abokan Ciniki: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Sana'a a Zariya

Masu sana'a da dama a Zariya, tun daga telolin cikin birni har zuwa masu gyaran waya a Sabon Gari da masu sayar da iri da taki a Samaru, sun shiga harkar ɗora bidiyo a intanet domin neman abokan ciniki. Wasu sun ga amfanin abin a aljihunsu, wasu kuwa data kawai suka ƙona har suka gaji suka bari. Ga amsoshin wasu tambayoyi da suka fi yawan fitowa daga bakin masu son farawa.

Mene ne bambancin bidiyon talla da bidiyo mai amfani, tunda duk ciniki ake nema?

Bidiyon talla yana cewa ga haja, ga farashi, a zo a saya. Bidiyo mai amfani kuwa yana warware wa mai kallo wata matsala ko ya koya masa wani abu, ko da bai sayi komai ba a wannan rana. Mutumin da ke jan allon wayarsa da dare ba kasuwa ya fito ba, saboda haka talla tsagwaronta ba ta cika tsayar da shi ba, amma idan ya ci karo da amsar abin da ya daɗe yana damunsa zai tsaya ya kalla, sau da yawa ma ya tura wa wani.

A ɗauki misalin telan da ke aikin babbar riga, sana'ar da aka daɗe da sanin Zazzagawa da ita. Zai iya rataye riguna goma ya bi su da kyamara yana faɗin kuɗinsu. Zai kuma iya ɗaukar riga biyu masu aska takwas, ɗaya aikin hannu ɗaya na keke, ya juya bayansu a gaban kyamara, ya nuna yadda zaren aikin hannu yake da 'yan ƙulle-ƙulle da ɗan saɓani a tafiyarsa, yayin da na keke yake tafiya bai ɗaya kamar an auna da ma'auni. Wanda ya kalli bidiyo na biyu ya koyi abin da zai hana a cuce shi a ko'ina ya je saye, kuma ranar da sallah ko biki ya taso, telan da ya koya masa shi zai fara faɗo masa a rai.

Daga ina mai sana'a zai riƙa samo abin da zai faɗa, kada maganar ta ƙare masa bayan mako biyu?

Daga bakin abokan cinikinsa. Duk wanda ya yi shekara a shago ya san akwai tambayoyin da ake maimaita masa har ya gaji da amsa su, kuma kowace ɗaya daga cikinsu bidiyo ce mai zaman kanta. Mai gyaran waya kullum sai an tambaye shi dalilin da waya take daina ɗaukar caji, alhali sau da yawa ƙura ce da zaren aljihu suka cushe a ramin cajin, musamman a lokacin hunturu. Mai sayar da iri kuma ana tambayarsa yadda manomi zai gane ko irin da ya ajiye tun bara zai tsiro. Amsar tana da sauƙin nunawa: a ƙirga ƙwaya 100, a shimfiɗa su a kan jiƙaƙƙen tsumma, a rufe a ajiye a inuwa ana ɗan yayyafa ruwa, bayan kamar mako guda a ƙirga waɗanda suka tsiro. Mai sayar da iri a Samaru yana da wata dama da ba kowa ke da ita ba, domin a unguwarsa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, wadda ke fitar da irin masara masu suna SAMMAZ da na wake masu suna SAMPEA, kuma manoma da yawa suna jin waɗannan sunaye ba tare da sun san bambancin da ke tsakanin iri da iri ba.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a ajiye ɗan littafi a shago, duk tambayar da aka yi a rubuta ta da kalmomin da mai tambayar ya yi amfani da su, domin da waɗannan kalmomin ne wasu za su nemi amsar a intanet.

Wanda ya koya wa jama'a yadda ake aikinsa, ashe bai tona asirin sana'arsa ba?

Wannan tsoron yana hana mutane da yawa farawa, kuma a ganina ya fi ƙarfin abin da ake tsoron. Kaɗan ne daga cikin masu kallo za su zauna su yi aikin da kansu, domin sanin yadda ake abu daban ne da samun hannu da kayan aiki da lokacin yin sa. Matar da ta kalli yadda ake soya dambun nama ta ga wahalar daka da tsayuwa a gaban wuta, ta fi kusa da yin oda fiye da wadda ba ta san abin da ke ciki ba, kuma ba za ta cika yin ƙorafi a kan farashi ba. Duk da haka babu wanda ya ce dole a bayyana komai. Mai haɗa turaren wuta za ta iya koyar da yadda ake adana shi kada ƙamshinsa ya gudu, da yadda ake turara kaya ba tare da sun yi baƙi ba, ta kuma riƙe ma'aunin haɗinta a cikinta.

Wane irin kayan aiki ake bukata, kuma dole ne sai an sayi kyamara?

Ba dole ba ne. Wayar da ke hannun yawancin 'yan kasuwa ta isa, matuƙar an kula da abu biyu, wato sauti da haske, kuma sauti ne a gaba. Mai kallo yana iya haƙuri da hoton da bai fita tas ba, amma ba ya haƙuri da maganar da ƙarar janareta ko hon ɗin babura da Keke Napep ta danne. Wanda shagonsa ke bakin titi a Kwangila ko PZ ya fi dacewa ya yi ɗauka da sassafe kafin gari ya cika, ko kuma ya sayi ƙaramin makirufo da ake maƙalawa a wuyan riga, wanda shi ne abu na farko da ya cancanci a kashe wa kuɗi.

Game da haske, mai magana ya fuskanci ƙofa ko taga, kada ya ba ta baya, in ba haka ba fuskarsa da hajarsa za su fito duhu. A goge gilashin kyamarar da tsumma mai laushi kafin a fara, a jingina wayar a wuri ɗaya don kada hoton ya riƙa rawa, a kuma rufe layin kira na ɗan lokaci saboda kada wani ya bugo a tsakiyar ɗauka. Manhajoji irin su CapCut sun isa a yanke inda aka yi tuntuɓen harshe a kuma rubuta 'yan kalmomi a kan hoton, abin da yake da amfani ga masu kallo a wurin da ba za su iya buɗe sauti ba.

Yaya tsawon bidiyon ya kamata ya kasance?

Gwargwadon amsar, ba ƙari. Tambaya ɗaya, bidiyo ɗaya, kuma yawancin irin waɗannan amsoshi suna shiga cikin minti ɗaya ko biyu. Abin da ya fi tsawon muhimmanci shi ne mafarin. Mun saba da doguwar gaisuwa, kuma a zaure hakan ladabi ne, amma a intanet mai kallo yana yanke shawarar tsayawa ko wucewa cikin 'yan daƙiƙun farko. Sallama gajeriya ta wadatar, sai a faɗi tambayar nan take, a bar sunan shago da kwatancensa zuwa ƙarshe. A tuna kuma cewa da datarsa mai kallo yake biyan kowane minti.

Wane dandali ya fi dacewa, TikTok, Facebook, YouTube ko WhatsApp?

Aikinsu ba ɗaya ba ne. TikTok da gajerun bidiyoyin Facebook da Instagram suna kai bidiyo ga mutanen da ba su taɓa jin sunan mai shi ba, saboda haka nan ne wurin samun sababbin fuskoki, kuma a tsaye ake riƙe waya idan don su ake ɗauka. YouTube, wanda aka kafa a 2005 kamfanin Google ya saye shi a 2006, wuri ne da mutane ke shiga su rubuta abin da suke nema, don haka bidiyon da aka sa wa suna mai kyau yana iya ci gaba da kawo mutane shekara da shekaru. Sitatus na WhatsApp kuwa yana ɓacewa bayan awa 24, kuma waɗanda suka ajiye lambar juna kaɗai ke ganinsa, amma a can ne yawanci ake ƙulla cinikin. Ana iya ɗora bidiyo guda a wurare biyu ko uku ba tare da ƙarin wahala ba.

Abin da bai kamata ba shi ne mutum ya rataya kasuwancinsa gaba ɗaya a kan dandali guda. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Ban da wannan, ana rufe shafuka ko a yi musu kutse. Wanda ya tara lambobin abokan cinikinsa da yardarsu, ya kuma rubuta su a wani wuri dabam, ba zai koma farawa daga tushe ba idan hakan ta same shi.

Da Hausa za a yi ko da Turanci?

Da harshen da ake ciniki da shi a shagon. Bayanin sana'o'i da Turanci ya cika intanet, na Hausa kuwa bai kai haka yawa ba, kuma masu jin Hausa ba su tsaya a Najeriya ba, suna Nijar da Gana da Kamaru da Sudan. Wanda yawancin kwastomominsa ɗaliban jami'a ne a Samaru ko Kongo, waɗanda suka zo daga sassan ƙasar nan daban-daban, zai iya yin magana da Hausa ya rubuta taƙaitaccen bayani da Turanci a kan hoton.

Mace mai sana'a a gida da ba ta son nuna fuskarta fa, za ta iya?

Ƙwarai kuwa. A yawancin sana'o'in hannu, hannun ne abin kallo. Mai lalle, mai cincin, mai ɗinkin hula da mai haɗa humra duk za su iya ɗora waya daga sama ta kalli faranti ko tabarma, murya tana bayani. Sai dai a duba abin da ke bayan hoton kafin a ɗora, kada a nuna yara ko wata alama da za ta sa baƙo ya gane gidan, kuma ya fi kyau a ware layin waya na sana'a dabam da na gida.

Mabiya sun ƙaru amma ciniki bai motsa ba. Ina matsalar take?

Yawanci matsalar ita ce an tara masu kallon da ba masu saye ba ne. Bidiyon barkwanci ko na cece-kuce yana iya jawo dubban mutane cikin kwana ɗaya, amma dariya suka zo yi, ba takalmi ko taki suka zo nema ba. Haka ma sayen mabiya na bogi asarar kuɗi ce tsagwaronta, domin ba sa kallo balle su saya. Ma'aunin da ya dace da ɗan kasuwa shi ne yawan waɗanda suka turo saƙo suna tambayar farashi, da waɗanda suka shigo shago suka ce a bidiyo suka gan shi. Yana da kyau a riƙa tambayar sabon kwastoma inda ya samu labari, domin da haka ne za a gane irin bidiyon da ya kamata a ƙara yi.

Wasu kuma sun shiga ne da tunanin dandalin zai riƙa biyansu. YouTube yana raba kuɗin talla da masu tasha, amma sai tashar ta kai mabiya 1,000 tare da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma kallo miliyan 10 na gajerun bidiyoyi cikin kwana 90. Ga tela ko mai gyaran waya, kwastoma biyar da suka zo ta dalilin bidiyo sun fi wannan kusa, sun kuma fi shi tabbas.

Akwai iyakokin doka da ya kamata a kiyaye?

Akwai, kuma masu sayar da magani da kayan gyaran jiki ne suka fi bukatar jin wannan. Hukumar NAFDAC ce ke kula da rajistar magunguna da abinci da kayan shafe-shafe da kuma tallarsu, sannan akwai hukumar ARCON da dokar 2022 ta ɗora wa alhakin sa ido a kan tallace-tallace a ƙasar nan, har da na intanet. Cewa wani haɗi yana warkar da ciwon suga ko hawan jini ba tare da hujja ba yana iya sa mara lafiya ya ajiye maganin asibiti, kuma alhakin hakan ya wuce batun tara. Sa waƙar wani a ƙarƙashin bidiyon kasuwanci ba da izini ba yana iya jawo a kashe sautin ko a sauke bidiyon. Hoton kwastoma ko saƙon da ya turo kuma ba a ɗora shi sai an nemi yardarsa, ko da yabo ne ya yi.

Idan wani daga Kano ko Abuja ya ga bidiyon ya yi oda, yaya za a yi cinikin ba tare da an cuci kowa ba?

Mai saye daga nesa yana tsoron ya tura kuɗi a rufe waya, mai sayarwa kuma yana tsoron alat na bogi, kuma kowannensu yana da dalilinsa. Mai sayarwa ya tabbatar sunan da ke kan asusun bankinsa ya dace da sunan da aka san shi da shi a bidiyo, kuma wanda sana'arsa ta fara girma ya yi wa sunan rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ya buɗe asusu da shi. Kada ya saki kaya saboda hoton rasit da aka turo masa, sai ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin sun shiga. A daidaita tun farko a kan wanda zai biya kuɗin mota da abin da za a yi idan kayan ba su zo yadda aka gani ba. Ranar aikawa kuma ya ɗauki ɗan gajeren bidiyon kayan kafin a ƙunshe su, ya tura wa mai su tare da lambar direba da ta motar da aka saka su a tasha.