Raunuka a tsakanin 'yan wasan badminton na Sin da Faransa

Badminton wasa ne da ba a taɓa jikin abokin karawa, amma yana cin gaɓoɓi. Yawancin raunukan da ake samu a ƙafa suke: gwiwa, idon sawu da agara. Sai kuma kafaɗa, saboda yawan bugun sama. Abin da ke jawo su shi ne tsayawa cak bayan gudu, da dogon taku zuwa gaban raga, da kuma dirowa a kan ƙafa ɗaya bayan tsalle. A nan ne jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki takan tsinke.

Sin

Sau biyu a jere gwiwa ta raba 'yan wasan Sin mata da lambar Olamfik. A Landan a 2012, Wang Xin ta ci zagayen farko na neman tagulla da 21-18 a karawarta da Saina Nehwal ta Indiya, alhali ta riga ta murɗe gwiwa dab da ƙarshen zagayen. Da aka shiga na biyu ta ci maki ɗaya, sai ƙafar ta ƙi ɗaukarta, ta janye. Ta haka Indiya ta samu lambarta ta farko a badminton a wasannin Olamfik.

Bayan shekara huɗu, a Riyo, Li Xuerui, wadda ke riƙe da zinaren 2012, ta tsinke jijiyar gwiwar hagu a wasan kusa da na ƙarshe da Carolina Marin ta Sifaniya. Ta daure ta ƙarasa wasan tana ɗingishi, amma ba ta iya fitowa neman tagulla ba, aka ba Nozomi Okuhara ta Japan. Sai a 2018 ta dawo fili, ta yi ritaya a 2019.

A ɓangaren maza, Shi Yuqi ya ji rauni a idon sawu a gasar Indunusiya ta Yulin 2019, har aka yi masa tiyata. Lin Dan kuwa ya ambaci ciwon jiki lokacin da ya ajiye wasa a 2020.

Mutuwar Zhang Zhijie, ɗan shekara 17, a Yogyakarta a ƙarshen Yunin 2024 ta tsayawar zuciya ce. An yi ta ce-ce-ku-ce kan jinkirin shigar likitoci fili.

Faransa

Da yawa daga cikin manyan 'yan wasan ƙasar suna atisaye a INSEP, cibiyar wasanni ta ƙasa da ke Paris. Wasu daga cikin fitattun matansu, kamar Pi Hongyan da Qi Xuefei, haifaffun Sin ne. Wani rauni da aka ji a ƙasar bai samu Bafaranshiya ba: a Olamfik na Paris a 2024, Marin ta Sifaniya tana kan gaba a karawarta da He Bingjiao ta Sin sai ta ji rauni a gwiwa, ta janye. He Bingjiao ta hau dandalin karɓar azurfa riƙe da ɗan bajo mai tutar Sifaniya.