Goyon baki: dalilin da kifin ado ke ƙin abinci har mako uku

Duk wanda ke ajiye kifin ado a tankin gilashi, musamman masu launin nan da asalinsu tafkunan gabashin Afirka ne, akwai ranar da zai wayi gari ya ga ɗaya ta ƙi cin abinci. Ya barbaɗa musu, kowa ya yi rububi, ita kuwa ta taso kamar za ta ci, ta tsaya, ta juya ta koma bayan dutse. Maƙogwaronta a kumbure, tana ta motsa muƙamuƙi kamar tsohuwa da goro a baki. Nan take zuciya ta ba shi ciwo ne, har ya fara cigiyar magani. Lafiyarta ƙalau. Ƙwai ne fal bakinta.

Abin da masu kiwon kifi ke nufi ke nan idan suka ce kifi na kwanci a baki. Ni na fi son in kira shi goyon baki, don kwancin kaza yana ƙarewa ne da ƙyanƙyasa, amma a nan ƙwan kan fashe tun a makon farko, uwar ta ci gaba da ɗaukar 'ya'yan a baki har su iya iyo da kansu.

Dangin kifin da suka shahara da wannan hali su ne siklid, kuma ba baƙinmu ba ne. Karfasar da ake kamawa a Tafkin Chadi da Kogin Kwara 'yar wannan dangi ce, macenta ma a baki take goyo. Sai dai waɗanda suka cika tankunan gidaje 'yan Tafkin Malawi ne, inda ake da nau'in siklid sama da 700, kusan dukansu masu goyon baki. A cikinsu akwai rukunin da ake kira mbuna, sunan da mutanen Tonga na bakin tafkin suka ba kifayen da ke zama cikin duwatsu.

Namiji ne ke fara nuna alama. Launinsa ya ƙara fitowa, ya zaɓi wani faffaɗan dutse ko ya haƙa ɗan rami a yashi, yana kwasar tsakuwa da baki yana tofarwa gefe. Wanda ya kusanci wurin ya sha kora. In mace mai ƙwai ta gifta, sai ya sha gabanta, ya karkace jiki yana karkarwa kamar mai jin sanyi, ya ja ta zuwa ramin. Daga nan su shiga zagaye, kan wannan a wutsiyar wancan. Ta saki ƙwai biyu ko uku, ta juyo da sauri ta tsince su da baki. A fiffiken namijin na ƙarƙashin ciki, kusa da wutsiya, akwai wasu ɗige-ɗige masu ruwan ƙwai. Takan kai musu baki kamar ta ga wani ƙwan da ya kuɓuce, shi kuma a lokacin yake sakin maniyyi, ta zuƙe shi ya haɗu da ƙwan a bakinta. Wani Bajamushe masanin halayyar dabbobi, Wolfgang Wickler, shi ya kawo wannan bayani a 1962. An ci gaba da muhawara a kai, don an ga namijin da ba shi da ɗigon ma yana haihuwa, amma wanda ya zauna gaban gilashi ya kalli abin da idonsa zai gane dalilin da ya sa aka yi wannan zato.

Haka za su yi ta zagaye har ta ƙare. Ƙwan mbuna ba su da yawa, goma zuwa talatin ko sama kaɗan, amma manya ne in aka gwada da jikin uwar. Karfasa kan zuba ɗaruruwa.

Sai azumi. A ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 27, mbuna kan riƙe kusan mako uku. Taunar nan da ake gani juya ƙwan take yi, don sabon ruwa ya riƙa ratsa su kada su ruɓe. 'Ya'yan kuma gwaiduwar da ke manne a cikinsu ce abincinsu. Wajen mako na uku, in ka matso da fitila a hankali, za ka hango ƙananan idanu baƙaƙe ta cikin bakinta. Mai goyon fari takan haɗiye ƙwan ko ta tofar bayan kwana uku ko huɗu, galibi in ƙwan bai kama ba ko an tsorata ta. Karo na biyu ko na uku takan iya.

Babbar matsala a tanki ita ce namijin. A tafki, mace ta gama da shi ta yi nisa. A gilashi babu inda za ta, shi kuwa bai san goyo ba, sai ya yi ta bin ta da cizo. Shi ya sa ake haɗa namiji ɗaya da mata uku ko huɗu, a kuma tara duwatsu masu lungu. Kuma kada a cakuɗa nau'o'in da suka yi kama da juna, don mbuna ba sa tsayawa kan nasu, sai a sami 'ya'yan da ba a san sunan da za a sayar da su da shi ba.

Akwai masu kama uwar su buɗe bakin da farce ko tsinken sakace, su girgiza ƙwan cikin ruwa, su zuba a wani bututu mai kumfar iska da ke juya su. Ga mai kiwo don sayarwa, akwai riba: 'ya'ya sun fi tsira, uwar ta fi saurin sake ƙwai. Ga mai tanki ɗaya a falo, ban ga dalili ba. A inda ake ɗauke wuta ba sallama, bututun na tsayawa ƙwan ya mutu, bakin uwa kuwa bai san an ɗauke ba. Ya fi sauƙi a bari sai wajen kwana 14 zuwa 18, a kwashe ta cikin kofi tare da ruwan tankin, a mayar da ita ƙaramin tanki ita kaɗai.

In ta saki 'ya'yan, kwanakin farko sukan ruga su koma baki da zarar inuwa ta gifta. Garin abincin kifi da aka murje da yatsa ya ishe su. Ita kuma uwar ta rame sosai, a bar ta ta ci ta murmure kamar mako guda kafin a mayar da ita cikin sauran, kuma a mayar da ita da dare bayan an kashe fitila, a ɗan sauya wa duwatsun wuri don kowa ya shagala da neman nasa lungun.