American Beauty: kundin waƙoƙin Grateful Dead da sabunta sautinsa

American Beauty kundin waƙoƙi ne na ƙungiyar makaɗan Amurka mai suna Grateful Dead, wanda kamfanin Warner Bros. ya fitar a watan Nuwamba na 1970. Shi ne na biyar cikin kundayen da ƙungiyar ta naɗa a sutudiyo. Waƙoƙi 10 ne a cikinsa, tsawonsu duka wajen minti 42. An sha tace sautinsa a sake fitarwa, musamman a 2001 da kuma 2020, lokacin da ya cika shekara 50. Sunan kundin sunan wani irin furen wardi ne, kuma furen ne a bangonsa. Alton Kelley da Stanley Mouse suka zana bangon, sun kuwa murɗa haruffan yadda mai kallo zai iya karanta su "American Reality".

Yadda aka zo gare shi

An kafa Grateful Dead a 1965 a yankin San Faransisko na jihar Kalifoniya. A kan dandamali ta yi suna. Makaɗanta sukan ɗauki waƙa guda su yi ta warwarar ta, kowa yana ƙirƙirar nasa nan take yana sauraron ɗan'uwansa, har ta haura minti 20, kuma yadda aka kaɗa ta yau ba haka za a kaɗa ta gobe ba. Irin wannan kiɗa ba ya zama lafiya a cikin sutudiyo. Kundayensu na ƙarshen shekarun 1960 sun ci lokaci da kuɗi, Aoxomoxoa na 1969 ya bar su da bashi mai nauyi a wajen kamfani. Ana cikin haka, a farkon 1970 manajansu, wanda shi ne mahaifin ɗaya daga cikin makaɗan gangarsu Mickey Hart, ya yi gaba da kuɗin ƙungiyar.

Matsin ya sa suka sauya salo. Suka koma ga gajerun waƙoƙi, gita marar lantarki, da kiɗan karkarar Amurka wanda makaɗin gitarsu Jerry Garcia ya taso a cikinsa tun yana kaɗa banjo. Zaman da suka yi da abokansu mawaƙan ƙungiyar Crosby, Stills & Nash ya sa suka mai da hankali ga haɗa muryoyi. Workingman's Dead, wanda ya fito a Yuni 1970, shi ya buɗe wannan hanya. Watanni biyar bayansa American Beauty ya biyo, ya fi shi laushi da zaƙin murya.

Naɗin

An yi aikin a Agusta da Satumba 1970 a sutudiyon Wally Heider da ke San Faransisko. Ma'aikatan sautin da ƙungiyar ta saba da su suna kan wata tafiya, sai aikin ya faɗa hannun wani matashin injiniya na sutudiyon, Stephen Barncard. An taki sa'a da hakan, domin Barncard gwani ne wajen ɗaukar gita marar lantarki da muryoyi, abin da kundin yake buƙata ke nan.

Garcia da Bob Weir ne a kan gita, Phil Lesh a kan gitar bes, Bill Kreutzmann da Hart a kan ganguna, sai Ron McKernan da ake kira Pigpen, wanda ya rubuta "Operator" ya kuma rera ta da kansa. Kusan dukkan sauran baitoci na Robert Hunter ne, marubucin ƙungiyar da ba ya hawa dandamali tare da su. Akwai baƙi: David Grisman ya kaɗa mandolin a "Friend of the Devil" da "Ripple", Howard Wales ya kaɗa ogan da fiyano a wasu waƙoƙin.

Lokacin makoki ne. Mahaifin Lesh yana kwance cikin ciwon ajali, saboda shi Lesh ya tsara kiɗan "Box of Rain", Hunter ya sa masa baitoci, shi ne kuma karo na farko da Lesh ya ja waƙa da muryarsa a kundin ƙungiyar. Mahaifiyar Garcia ita ma ta rasu a wannan kakar bayan haɗarin mota. Wanda ya san wannan, in ya saurari "Brokedown Palace", zai ji ta kamar bankwana. Ita da "Ripple" Hunter ya rubuta su a yini guda a Landan. "Truckin'" da ke rufe kundin kuwa labarin yawon ƙungiyar ne, har da kamun da 'yan sanda suka yi musu a Niyu Olins a Janairu 1970. Ta kai lamba 64 a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka na mujallar Billboard, kuma babu waƙarsu da ta wuce nan sai "Touch of Grey" a 1987.

Sabunta sauti

Aiki biyu ne ake yawan gwamutsawa. Akwai tace sauti, inda ake ɗaukar uwar tef ɗin da aka riga aka haɗa, a sake kwafe ta da na'urori na zamani, a daidaita kauri da kaifin sauti da ƙarfinsa. Akwai kuma sake haɗawa, inda ake komawa ga tef mai layuka da yawa, kowace murya da kowane kayan kiɗa a layinsa, a sake auna su daga tushe. Na farko wanke riga ne, na biyu sake ɗinki.

American Beauty ya ga duka biyun. A 2001 kamfanin Rhino ya fitar da shi a tace cikin akwatin The Golden Road (1965–1973), sannan shi kaɗai a 2003, tare da ƙarin waƙoƙin dandamali. A 2001 ɗin kuma Mickey Hart ya sake haɗa shi don lasifikoki masu kewaye mai sauraro. Wannan haɗi abin sha'awa ne, amma ba shi mutanen 1970 suka ji ba.

Fitowar 30 ga Oktoba 2020 ita ta fi jan hankali. David Glasser ya tace sautin, aka kuma bi da tef ɗin ta wata fasaha mai suna Plangent Processes. Dabarar mai sauƙin fahimta ce. Injin naɗi ba ya juyawa da sauri ɗaya cif, yakan ɗan yi gaggawa ko ya ja ƙafa, abin da ke sa dogon sauti ya riƙa rawa. To, lokacin naɗi injin yakan bar wani siririn sauti a kan tef wanda kunne ba ya ji. Ta bin sawun wannan sauti ake gano inda gudun ya kauce, sai kwamfuta ta mai da shi daidai.

Kundin da ke cike da hayaniyar gitar lantarki ba zai amfana da wannan sosai ba. American Beauty kuwa rayuwarsa tana cikin ƙananan abubuwa. A "Attics of My Life" muryoyi uku ne, na Garcia da Weir da Lesh, suna tafiya a hankali kamar waƙar coci, kowane sauti a ja shi ya daɗe. In tef ya yi rawa a nan, nan da nan za a ji. In ya tsaya cak, ana iya bin kowace murya daban. Haka farkon "Friend of the Devil", inda tsirkiyoyi ke shigowa ɗaya bayan ɗaya, da bes ɗin Lesh, wanda ba ya tsayawa riƙe tushe kamar sauran makaɗan bes, sai ya riƙa yawo yana rera tasa waƙar a ƙarƙashi.

Tacewa dai ba ta mai da su gwanayen murya ba. Inda murya ta ɗan zame, yanzu ma an fi jin zamewar. Akwai masu sauraro da har yau suka fi son tsohon faifan garmaho saboda ɗumin sautinsa, kuma ba su rasa hujja ba, tunda naɗin Barncard tun asali mai tsabta ne. Ribar da aka samu ta fili ce da natsuwa, ba wai an ceto wani abu da ya lalace ba.

Fitowar 2020 ta zo da faifan sidi uku. Biyu daga ciki wasan da suka yi ne ranar 18 ga Fabrairu 1971 a Capitol Theatre da ke Port Chester a jihar Niyu Yok. A daren suka fara kaɗa "Bertha", "Loser", "Playing in the Band" da "Wharf Rat" a gaban jama'a, ta ƙarshen ma a tsakiyar waƙarsu "Dark Star" suka cusa ta. Mai saye yana samun fuskokin ƙungiyar biyu a akwati ɗaya, ta gajerun waƙoƙi da ta doguwar warwara. Wasan shi ne na ƙarshe da Hart ya yi da su kafin ya janye, da ɓacin ran abin da mahaifinsa ya aikata, bai sake hawa dandamali tare da su ba sai a Oktoba 1974.