Shekara 65 ko 40 a bakin aiki: abin da dokar ritayar malamai ta tanada da inda take cijewa

A watan Afrilun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar daidaita shekarun ritayar malaman makaranta a Najeriya. Dokar gajeriya ce. Ta ce malami zai ajiye aiki dole idan ya cika shekara 65 da haihuwa, ko shekara 40 a aikin da ake lissafa masa fansho, duk wanda ya riga cika. Ta kuma cire malamai daga ƙa'idar aikin gwamnati da ta saba sallamar ma'aikaci a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Malaman jami'a da na kwalejojin ilimi ba su ne abin nufi ba, domin tun 2012 suke da tasu dokar, wadda ta ba farfesa damar kaiwa shekara 70.

Ba kowa ne zai kai 65 ɗin ba, kuma a nan mutane da yawa suke kuskuren lissafi. Mizanin shi ne shekarun malami ranar da aka ɗauke shi aiki. Wanda aka ɗauka yana da shekara 22, da gama NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, zai cika 40 a bakin aiki yana ɗan shekara 62, kuma a ranar zai tafi. Wanda aka ɗauka yana da 30, shekarun haihuwa ne za su fara kama shi, ya tafi a 65 da shekara 35 kacal ta aiki. Wanda ya shiga yana da 25 daidai ne kaɗai lissafinsa biyu za su haɗu a shekara ɗaya. Kowanne dai ya samu ƙarin shekara biyar a kan tsohuwar ƙa'ida. Don haka ranaku biyu ne suke yanke hukunci a fayil: ranar haihuwa da ranar kama aiki na farko. Idan takardar rantsuwar shekaru ta kotu ta saɓa da abin da ke cikin takardar firamare, ko da wanda ke wurin kamfanin fansho, to a lokacin tantancewa za a tsaya, kuma galibi ranar da aka rubuta a fayil tun farkon ɗauka ita hukuma ke riƙewa. Wanda ya zarce ranarsa yana karɓar albashi, ana iya cire kuɗin daga haƙƙoƙinsa na sallama.

Babbar tambaya ita ce wa ke biyan malamin. Majalisar Tarayya ce ta yi dokar, amma yawancin malaman ƙasar nan ba ma'aikatan tarayya ba ne. Tsarin mulkin 1999 ya raba harkar ilimi tsakanin tarayya da jihohi, ya kuma sa ƙananan hukumomi cikin ɗaukar nauyin firamare. Malamin kwalejin gwamnatin tarayya yana ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, shi dokar ta same shi kai tsaye. Na sakandaren jiha ma'aikacin jiha ne. Na firamare kuwa daga kason ƙaramar hukuma albashinsa ke fitowa, ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, da ofishin sakataren ilimi. Shi ya sa wasu jihohi suka karɓi tsarin ta hanyar dokar majalisarsu ko takardar umarni daga shugaban ma'aikata, wasu suka ja ƙafa, ƙungiyar malamai ta NUT tana ta bin su. Malamin jiha da ya ji labarin dokar a rediyo ya zauna yana jiran 65 ba tare da ya ga takardar jiharsa ba, zai iya wayar gari an cire sunansa daga jerin masu albashi. Makarantu masu zaman kansu kuma, yarjejeniyar da aka yi da mai makaranta ita ke aiki a zahiri.

Inda aka karɓi tsarin ma, ba haka kawai ake zarcewa ba. Abin da aka saba nema shi ne malami ya rubuta takardar neman ci gaba kafin tsohuwar ranar ritayarsa ta zo, ya kawo shaidar lafiya daga asibitin gwamnati, ya kuma nuna rajistarsa da Hukumar Rajistar Malamai, TRCN. Wannan hukuma an kafa ta da dokar soja mai lamba 31 ta 1993, kuma ta kasa malamai gida huɗu: A ga mai digirin digirgir, B ga mai digiri na biyu, C ga mai digirin farko, D ga mai NCE. Wanda ya karanta lissafi ko kimiyya zalla ba tare da fannin koyarwa ba, sai ya ƙara da difilomar koyarwa ta PGDE kafin a yi masa rajista. Sababbin shiga kuma sai sun ci jarrabawar cancanta da ake yi a kwamfuta. Lasisin yana ƙarewa, ana sabunta shi, kuma tsofaffin malamai da yawa a nan suke tuntuɓe.

Ko kwabo dokar ba ta ƙara wa albashi ba. A bikin Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba 2020, gwamnatin tarayya ta yi alkawura da dama: tsarin albashi na musamman, alawus ga masu koyarwa a karkara, alawus ga malaman kimiyya, gidaje masu sauƙin kuɗi. Babu ɗaya daga cikinsu a cikin wannan doka. Abin da ke shafar aljihu yana wasu wurare. Akwai alawus na kashi 27.5 cikin ɗari da NUT ta cimma da gwamnoni a 2008, wanda ba duk jihohi suka biya cikakke ba. Akwai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024, kuma dokarsa ta yafe wa duk mai ma'aikata ƙasa da 25, wato ƙananan makarantun kuɗi na unguwa da yawa sun fita daga ciki. Ribar ƙarin shekarun a fili take ga wanda ke tsarin fansho na adashi: dokar fansho ta 2014 ta ɗora kashi 8 a kan ma'aikaci, kashi 10 a kan mai biyansa, don haka wata sittin na kashi 18 za su ƙaru a asusunsa, a lokacin da albashinsa ya fi kowane lokaci tsoka. Da sharaɗin dai ana zuba kuɗin, ba cirewa kawai ake yi a takarda ba.

Ga matasan da ke fitowa daga kwalejojin ilimi kuwa, lamarin yana da ɗaci. Hujjar gwamnati ita ce a riƙe ƙwararru, musamman a lissafi da kimiyya da Turanci, kuma hujja ce mai ƙarfi a ƙauyen da malami ɗaya ke riƙe da aji uku. Sai dai jihar da ba ta ɗaukar sabon malami sai wani ya tafi, ta jinkirta wannan gurbin da shekara biyar. Kuma albashin malami ɗaya da ya kai mataki na 14 ko 15 ya fi na sabon ɗauka nesa ba kusa ba, wanda ke farawa a mataki na 7 da NCE ko na 8 da digiri. Asusun hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, ba zai cike giɓin ba, domin kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya da dokar 2004 ta ware masa, gine-gine da kayan aiki da horar da malamai yake tafiya, ba albashin wata-wata ba. Matashin da ke jiran a buɗe ɗauka, ya gama da jarrabawar TRCN tun yanzu, ya kuma daidaita ranar haihuwarsa a katin ɗan ƙasa da takardun makaranta kafin a buɗe masa fayil.