Me ake nufi da "faifai"? Daga murfin ƙwarya zuwa abin da ake turawa a waya

Kullum a labarai sai ka ji an ce "wani faifan bidiyo ya karaɗe shafukan sada zumunta", ko "an saki faifan murya". Yaron da aka haifa bayan zuwan wayar salula Najeriya a 2001 yana faɗin kalmar, amma in ka ce ya nuna maka faifan, sai dai ya miƙo maka waya. Babu abin riƙewa, babu abin juyawa. To ina kalmar ta samo asali, kuma me ya sa ta maƙale wa abin da ba shi da jiki?

Faifai, jam'insa faya-fayai, tun asali kayan aikin mata ne. Ana naɗa ciyawa a zagaye, ana ɗinke ta da kaba, tun daga cibiya har baki, sai ya fito a shimfiɗe kamar tire. Da shi ake rufe ƙwaryar fura da nono, da shi ake bakace gari a raba shi da tsaki. Wanda aka yi wa rini da ado kuma shi ake jerawa a bangon ɗakin amarya. Har gobe ana sayar da shi a kasuwar Wudil ranar Juma'a da ta Maigatari ranar Alhamis.

Da garmaho ya shigo ƙasar Hausa zamanin Turawa, sai aka ga abin da ake ɗora masa baƙi ne, zagayayye, shimfiɗaɗɗe, ga kuma layuka suna kewaya shi daga baki zuwa tsakiya, tamkar ɗinkin kaba. Ba a wahalar da kai wajen neman suna ba, aka ce faifan garmaho. Kamannin ya ma wuce na ido: layin da allura ke bi guda ɗaya ne tak mai naɗewa, kamar yadda naɗin faifan kaba yake zare ɗaya daga farko har ƙarshe. Faifan farko yana juyawa sau 78 a minti, kowane gefe bai wuce minti 3 da 'yan kai ba, kuma in ya faɗi ƙasa ya tashi daga aiki, don fashewa yake kamar tangaran. Garmahon kansa ba ya son batir ko lantarki, wani hannu ake wanawa, allurar ƙarfe kuma sai an riƙa sauya ta, in ba haka ba ta dakushe ta cinye layin. Daga baya aka samu na roba: ƙarami mai juyi 45, da babba mai juyi 33 da sulusi wanda gefe ɗaya ke ɗaukar kusan minti 20. Wannan ƙarancin lokaci ya takura wa mawaƙan Hausa ƙwarai. Makaɗin da ya saba kwana yana waƙa a gidan biki, dole ya datse ta ta shiga gefen faifai.

Sai dai a ƙauye garmaho kayan masu hali ne, na hakimi ko attajiri ko ma'aikacin gwamnati. Abin da ya kai waƙa da wa'azi kowane zaure shi ne kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma cika kasuwanninmu daga shekarun 1970 zuwa na 1990. Shi kaset ba a kira shi faifai ba, saboda ba shi da wannan siffa. Amma a zamaninsa ne aka samu shagon da yau ya ɓace.

Mai kaset a garuruwa irin su Gaya, Ringim, Bichi ko Gumel ba mai saye da sayarwa ba ne kawai. Yawancin abin da ke shagonsa da hannunsa ya kwafa. Yana da uwar kaset, wato ta asali da yake kwafa daga gare ta, wadda ba ya sayarwa ko nawa za a ba shi, yana da rikoda mai baki biyu, sai kwalayen kaset marasa komai da yake sarowa daga Kano, irin su TDK da Maxell da Sony in mai saye na son mai kyau, ko marasa suna in aljihu ya yi sanyi. Akwai C60, minti 30 kowane gefe, da C90 mai minti 45. Masu sana'ar sun fi yarda da C60 saboda zarensa ya fi kauri, ba ya saurin miƙewa. Za ka zo ka ce a haɗa maka Shata a gefe ɗaya, Ɗanƙwairo a ɗayan, ko a cika maka tafsirin azumin bana daga daren farko zuwa na ƙarshe, ya ce ka dawo kasuwa mai zuwa. Ranar kasuwa kuwa wasu kan ɗora kayan a baro ko a bayan keke, da lasifika da batirin mota, su kewaya rumfuna.

Ingancin abin da za ka samu ya danganta da tazarar da ke tsakanin kaset ɗinka da na asali. Kowane kwafi yana ƙara wata ƙara mai "shuuu" a bayan murya, yana kuma rage kaifin sauti. Kwafi na farko daga uwa garau yake. In aka kwafa daga kwafi, aka sake kwafa daga wannan, kafin hawa na huɗu kalangu ya koma kamar ana buga shi a cikin rijiya. Rikoda mai baki biyu tana da maɓallin kwafin sauri, wanda ke ninka gudun zaren don a gama da wuri, kuma shi ma yana cin kaifin murya. Mai shagon da ya san mutuncin sana'arsa ba ya taɓa wannan maɓalli in aikin karatun Alƙur'ani ne, domin harafi na iya dushewa.

Gyara ma a shagon ake yi. In aka ce rediyo ta cinye kaset, yawanci laifin wata 'yar robar taya ce da ke matse zaren tana ja. Idan datti ya taru a kanta sai ta yi danƙo, zaren ya naɗe a jikinta. Maganinsa auduga da sfirit: a goge robar, a goge ƙarfen da take gogayya da shi, a goge kan da ke karanta zaren. Idan murya ta fara jan jiki kamar mai jin barci, ko batir ne ya yi sanyi ko bel ya saki. Zaren da ya tsinke ana yanke bakinsa biyu a karkace, a haɗa da ɗan siririn salatef ta bayansa, wato gefen da ba ya taɓa kan rikoda, sannan a zura biro a rami a naɗe shi. Masu amfani da jan farce suna samun biyan buƙata na kwana biyu, daga baya ya manne da zaren da ke kusa da shi. Kaset mai noti biyar ana iya kwance shi a mayar da zaren cikin sabon gida; wanda aka liƙe da gam sai an fasa. Akwai kuma 'yan kunnuwa biyu a saman kaset. In an ɓalle su rikoda ba za ta yarda a ɗauki wani abu a kai ba. Gidaje da yawa sun yi asarar waƙar bikin iyayensu saboda ba a ɓalle kunnen ba, yaro ya danna jan maɓalli ya ɗauki surutunsa.

Kalmar faifai ta dawo da ƙarfinta ne da zuwan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982 amma bai zama ruwan dare a karkararmu ba sai cikin shekarun 2000. Zagayayye ne, faɗinsa santimita 12, don haka sunan ya zauna masa daram. Amma bakin mutane ya riga ya saba, shi ya sa za ka ji ana cewa "kaset ɗin CD", kalmomin biyu suka cakuɗe. Faifai ɗaya na ɗaukar minti 74 zuwa 80, dalilin da ya sa fim ɗin Hausa a VCD yakan zo a faifai biyu, na ɗaya da na biyu. Dillalan Ƙofar Wambai da na Bata a Kano su ne suka riƙa rarraba wa masu shagunan ƙauye a lokacin. Kwafin CD ba ya rage inganci kamar na kaset, na ɗari daidai yake da na farko, kuma nan ne darajar uwar kaset ta fara faɗuwa: abin da kowa zai iya kwafa garau, ba sai an zo wurinka ba. Shi ma yana da nasa ciwon. Ƙurar hunturu na rufe idon na'ura ta ƙi karantawa, rana na kashe wanda aka buga a kwamfuta, kuma karcewar gefen rubutu ta fi ta gefen ƙyalli illa, domin bayanan sun fi kusa da can. Gogewa daga tsakiya zuwa baki ake yi, ba a zagaye ba.

Abin da ya rufe shagunan ƙarshe shi ne memori. Lissafin a fili yake: waƙar MP3 mai matsakaicin inganci tana cin kusan megabait 1 a minti, ke nan abin da ke cikin C90 bai wuce megabait 90 ba, memori mai gigabait 2 kuwa zai haɗiye kaset fiye da 20. Ƙananan wayoyi da rediyoyin Sin masu ramin memori, waɗanda ake saro irinsu a kasuwar waya ta Farm Centre, suka maye gurbin rikoda. Mai kaset ko dai ya sayi kwamfuta ya koma mai turi, yana cajin waya a gefe, ko ya bar wa yara sana'ar. Daga baya Bluetooth da Xender da WhatsApp suka rage wa mai turin ma ciniki. A nan ne faifai ya rabu da siffarsa gaba ɗaya, ya zama sunan duk wani sauti ko hoto mai motsi da aka naɗa. Kalmar "naɗa" ita ma gadon zaren kaset ce, yau ana naɗar murya a waya alhali babu abin da ke naɗuwa.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma gaskiya memori ya fi kaset sauƙi da arha. Amma akwai abin da bai tsallako ba. Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015, an kwashe waƙoƙinsu da yawa an zuba a intanet. Makaɗin noma na gayya, mai kukuma na ƙauye, zabiyar da ba ta taɓa shiga situdiyo ba, malamin da ya yi shekaru yana tafsiri a masallacin gari, waɗannan mai kaset ne kawai ya ɗauke su da rikodarsa. Shi ne kuma ya san wace waƙa aka yi wa wane, a wane biki, domin rubutun biro a jikin kwali bai wuce kalma biyu ba. Mai turi yana da fayil dubbai, rabinsu ba suna sai lamba.

Wanda ya tarar da irin wannan kaset a adakar gida, kada ya yi garajen sa shi a rikoda. A fara ɓalle kunnuwan. A leƙa ta tagar kaset, in an ga farin fumfuna a jikin zaren a ware shi daban, kada ya shafa wa na'ura. A duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren a tsakiyar baki, domin gam ɗinsa kan bushe ya faɗi, in babu shi murya ba za ta fito sosai ba. Ana iya ciro na wani kaset a liƙa. Sai a naɗe zaren da biro a hankali daga farko zuwa ƙarshe a dawo da shi, don ya saki inda ya manne. Rikodar a goge ta, a fara gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Ɗauka mai kyau da kebul ake yi, daga ramin abin sauraro na rikoda zuwa ramin shigar sauti na kwamfuta, a sa ƙarar a tsaka-tsaki, domin in ta yi yawa muryar za ta fashe kuma ba ta gyaruwa. Manhajar Audacity kyauta ce, ta isa wannan aiki. In babu kwamfuta, a ajiye wayar hannu kamar taƙi ɗaya daga lasifika, a ɗaki mai shiru, da dare bayan an kashe janareta. Kowane gefe zai ci cikakken lokacinsa, minti 30 ko 45, babu gajeriyar hanya. A sa wa fayil sunan mai waƙa da gari da shekara in akwai dattijon da ya tuna, a ajiye a wuri biyu, don memorin jabu ya yi yawa a kasuwa: zai nuna gigabait 32, yana wuce ɗan abin da yake iya ɗauka na gaskiya sai fayilolin su ƙi buɗewa. Kaset ɗin kuma a mayar da shi kwalinsa, a tsaye, nesa da lasifika da rufin kwano.